Me Ya Sa Ƙara Murya Ba Ya Ƙara Ji? Jagorar Gwada Kunne da Saita Sauti

Duk wanda ya taɓa riƙe miksa, wato na'urar haɗa sauti, a wurin wa'azi, ko walima, ko taron siyasa, ya san kiran nan: "Mai sauti, ba ma ji, a ƙara!" Sai ya murɗa, lasifika ta ɗauki ruri, amma na baya har yanzu suna tambayar juna abin da malam ya ce. Ƙara ta ƙaru, magana ba ta fito ba. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, kunne ne ba a fahimci halinsa ba. Yadda kunnen mutum yake tsince siririn sauti daga kakkaura idan abu na tafiya a hankali daban, yadda yake yi idan an cika masa ƙara daban. Wannan jagora ta masu saita lasifika ce, da masu haɗa sauti a sutudiyo, da masu naɗar karatu ko shiri don ɗorawa a intanet. Za ka fara gwadawa da kunnenka, sannan ka kai abin kan miksa.

Ma'auni biyu da ba makawa sai ka riƙe

Sauti kaɗawar iska ne. Yawan kaɗawar a sakan ɗaya shi ake aunawa da Hertz, ana rubuta shi Hz. Kaɗawa kaɗan tana ba da kakkauran sauti, wanda masu sana'a ke kira bas. Kaɗawa mai yawa tana ba da siriri, wato tirebul. Lafiyayyen kunnen matashi yana kamawa daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz, kuma saman yana raguwa da shekaru. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi, dB. Hira ta yau da kullum tana wajen 60 dB. Ƙarin 3 dB yana nufin an ninka ƙarfin da amfilifaya ke turawa, amma sai an ƙara wajen 10 dB kafin mutum ya ce ƙarar ta ninka. Ka riƙe wannan, domin shi ke sa mutum ya sayi amfilifaya mai ninkin wat ya ji bambancin bai taka kara ya karya ba.

Abin da ke faruwa can cikin kunne

Bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwan nan uku, akwai wani naɗaɗɗen bututu mai siffar katantanwa, cike da ruwa. Da za a warware shi, tsawonsa wajen milimita 35 ne. A cikinsa akwai tantani shimfiɗe daga baki har ƙurya. A bakin shiga tantanin matsattse ne mai tauri, shi ke amsa siraran sauti. Can ƙurya ya fi faɗi da laushi, shi ke amsa kaurara. Georg von Békésy, ɗan ƙasar Hangari, shi ya nuna cewa kowane sauti yana tayar da igiya daga bakin, ta yi tafiya har ta kai gurbinta ta tsaya, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1961. Lura da abin da hakan ke nufi: igiyar bas dole ta ratsa ta kan guraben siraran sauti kafin ta isa nata a ƙurya, amma igiyar siririn sauti tana mutuwa tun a kusa da baki, ba ta isa gurbin bas. Rabin matsalar masu sauti daga nan ta taso.

A kan tantanin akwai ƙwayoyin halitta masu gashi iri biyu. Na ciki, wajen 3,500, su ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Na waje, wajen 12,000, aikinsu ya fi ban mamaki: suna miƙewa suna takurewa daidai da kaɗawar, su ƙara wa raunanan sauti ƙarfi a daidai gurbinsa kawai. Motsin nasu har yana fitar da wani ɗan sauti daga kunne zuwa waje, wanda David Kemp ya gano a Landan a 1978, kuma da shi ake gwada jin jarirai a yau. To, wannan taimako na ƙwayoyin waje a kan raunanan sauti yake da ƙarfi. Idan ƙara ta yi yawa sai su kai iyakarsu, igiyar ta bazu a faffaɗan wuri. Kamar rariya ce: a hankali idonta ƙanana ne, gari ya wuce tsaki ya tsaya, da an cika ƙara sai idon ya buɗe, gari da tsaki su zube tare.

Mataki na farko: haɗa kayan gwaji

Kana bukatar kwamfuta da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, da hedfon mai rufe kunne. Lasifikar waya ba za ta yi ba, don ba ta fitar da bas. Ka zaɓi lokacin da gari ya yi tsit, bayan asuba ko cikin dare, fanka a kashe, janareta a kashe. Kullum ka fara da murya a ƙasa sannan ka ɗaga a hankali, kuma kada gwaji mai ƙarfi ya wuce 'yan sakanni. Tsantsar sauti guda yana gajiyar da kunne fiye da kiɗa.

Mataki na biyu: ka ga yadda bas ke ɓacewa

A Audacity ka shiga Generate ka zaɓi Tone. Ka samar da sauti uku a jere, kowanne sakan biyar, duk da ƙarfi ɗaya: 100 Hz, 1,000 Hz, da 3,500 Hz. Saurara a matsakaicin ƙarfi. Ko a nan ma za ka ji na ukun ya fi tsini, na farkon ya fi sanyi, alhali kwamfuta ƙarfi ɗaya ta ba su. Yanzu ka yi ta rage murya kaɗan-kaɗan. Na 100 Hz ne zai fara ɓacewa, na 3,500 Hz ne zai tsaya har ƙarshe.

Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell a Amurka su suka fara zana wannan a 1933, aka sake aunawa a Ingila a 1956, kuma yau yana cikin ƙa'idar duniya mai lamba ISO 226. Alƙaluman bugun 2003 sun nuna abin sarai. Kafin 100 Hz ya yi daidai a kunne da 1,000 Hz mai 40 dB, sai an kai shi wajen 64 dB, tazarar 24 ke nan. Idan kuwa na 1,000 Hz ɗin yana 80 dB, wajen 92 dB ya ishi na 100 Hz, tazarar ta koma 12. Wato duk lokacin da ka ɗaga murya, bas yana girma a kunne fiye da sauran, ko ba ka taɓa maɓallinsa ba. Tsofaffin amfilifaya masu maɓallin da aka rubuta wa Loudness don wannan aka yi su: su ƙara bas idan ana sauraro a hankali. Barin maɓallin a danne alhali an ƙure murya ɓata sauti ne kawai.

Tsinin da ka ji a 3,500 Hz kuwa daga ramin kunne yake. Tsawonsa wajen santimita biyu da rabi ne, kuma bututu mai wannan tsawo yana ƙarfafa sautin da ke kusa da 3,000 Hz. Shi ya sa daga 2,000 zuwa 5,000 Hz kunne ya fi ko'ina kaifi, kuma nan ne ya fi saurin jin zafi.

Mataki na uku: sauti biyu maƙwabta

Ka samar da 1,000 Hz a layi ɗaya na Audacity (wato Track), 1,004 Hz a layi na biyu, ka kunna su tare, dukansu suna shiga kunnuwa biyu. Ba za ka ji biyu ba. Sauti ɗaya za ka ji yana kumbura yana sacewa sau huɗu a sakan. Mayar da na biyun 1,040 Hz: kumburin ya yi saurin da ba ya ƙirguwa, ya koma gurnani mai kaushi. Kai shi 1,200 Hz, sannan 1,300 Hz: a nan ne za su rabu, ka ji kowanne da kansa, kaushin ya lafa.

Iyakar da ka tsallaka ita ce faɗin matatar kunne. Eberhard Zwicker na Jamus ya kasa zangon jin mutum gida 24 a 1961. Ƙasa da 500 Hz faɗin kowane gida wajen 100 Hz ne, daga nan ya riƙa faɗaɗa, wajen 160 Hz a kusa da 1,000, wajen 700 Hz a kusa da 4,000. Awon da Brian Glasberg da Brian Moore suka yi a Kambirij a 1990 ya ba da gidaje da suka fi haka matsi, wajen 130 Hz a 1,000 Hz. Abubuwa biyu da suka faɗa gida ɗaya a lokaci ɗaya kokawa suke yi, mai ƙarfi ya danne mai rauni. Abin lura, idan ɗaya bayan ɗaya aka kunna su, kunne yana iya bambance 1,000 da 1,003. Kaifin yana nan, haɗuwa a lokaci ɗaya ce ke dusashe shi.

Kafin ka tashi daga nan, koma kan 1,000 da 1,200 ka ɗan ɗaga murya. Da yawa za su ji wani sauti na uku a ƙasa, wajen 800 Hz, wani lokaci har da 200 Hz, alhali babu su a fayil ɗin. Kunnen ne da kansa ya ƙirƙiro su. Giuseppe Tartini, makaɗin gogen Turawa ɗan Italiya, ya lura da irin wannan tun ƙarni na 18.

Mataki na huɗu: wa ke danne wa?

Wannan shi ne gwajin da ya fi muhimmanci, ka ba shi lokaci. Layi na farko 500 Hz, ƙarfinsa 0.8 (a gurbin Amplitude na Tone ake rubuta shi). Layi na biyu 800 Hz, ƙarfinsa 0.1. Kunna su tare a ƙarfin da ya ɗan fi na hira. Ka riƙa jan madannin ƙarfin layi na biyu ƙasa, kana danna Mute kana saki, har ka kai inda dannawa da saki duk ɗaya ne a kunnenka. Rubuta lambar dB da madannin ya nuna. Sai ka juya: 800 Hz ya zama mai ƙarfi, 500 Hz mai rauni, ka maimaita. Za ka tarar sai ka ja ƙasa sosai fiye da na farko kafin na 500 ya ɓace. Kakkauran ya haɗiye siririn da wuri, siririn ya kasa haɗiye kakkauran.

Yanzu ka rage muryar hedfon sosai ka sake duka biyun. Bambancin zai ragu. A hankali dannewar kusan daidai take ta kowane ɓangare kuma ba ta nisa. Da ƙarfi sai ta miƙe sama ta yi ta mamaye. Masu bincike biyu, Wegel da Lane, sun auna wannan tun 1924.

Ga inda abin ya shafi magana. Ƙarfin murya yana cikin wasula, a ƙasa, amma abin da ke bambance kalma da kalma yawanci baƙaƙe ne irin s, sh, ts, f, t, k, waɗanda ke zaune daga wajen 2,000 Hz zuwa sama, kuma raunana ne. Idan aka ƙure lasifika, wasula da bas suna kumbura su hau kan baƙaƙen. Mai sauraro yana jin tashi da saukar muryar mai magana, ya san Hausa ake yi, amma kalmomin sun narke. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mataki na biyar: tsayar da ƙarfi ɗaya na aiki

Tunda kunne yana canza hali da ƙarfi, wanda ke haɗa sauti yana murɗa murya sama da ƙasa yadda ya ga dama yana auna kaya ne da mudun da ke canza girma. Ka sa manhajar auna ƙara a waya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, tana da ta kyauta a iPhone. Na Android sun bambanta saboda makirfon wayoyin ba ɗaya ba ne, amma sun isa kwatanta yau da gobe. Ka ajiye wayar inda kanka yake zama, ka kunna aikin da ka san an haɗa shi da kyau, ka daidaita har ya tsaya tsakanin 75 da 80 dB. Ka manna tef a jikin maɓallin ka ja layi. Manyan ɗakunan haɗa sautin fim a kan 85 dB suke saiti, amma a ƙaramin ɗaki irin sutudiyoyinmu wannan ya yi yawa.

Yawancin aikin ka yi shi a kan layin. Lokaci-lokaci ka sauke murya ƙasa ƙwarai, har mai magana a gefenka ya fi ta: idan kalmomin mawaƙi ko mai karatu suna fita a haka, ka dace. Sannan ka ɗaga na ɗan lokaci ka ji ko bas ya yi ambaliya. Kuma duk sanda za ka kwatanta kafin gyara da bayan gyara, ka daidaita ƙarfinsu tukuna. Wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi zai fi daɗi, ko da gyaran ɓarna ya yi. Masu sayar da lasifika a kasuwa sun san wannan sarai, shi ya sa wadda suke so ka saya ita ake ƙure wa murya.

Mataki na shida: a kan miksa, rage kafin ka ƙara

Idan magana ce, fara da danna maɓallin yanke ƙasa a layin makirfo, wanda ke zubar da abin da ke ƙasa da 80 ko 100 Hz. Ba abin da magana za ta rasa a can sai bugun hannu, da iska, da gunjin wutar lantarki, wanda a Najeriya da Nijar yake 50 Hz. Sannan ka saurari yankin 200 zuwa 400 Hz. Idan murya ta yi kamar daga cikin ɗaki rufaffe take fitowa, rage 3 dB a nan ya fi ƙara tirebul amfani, domin ka cire mai dannewar ne, baƙaƙen za su fito da kansu. Sai in bai isa ba ka ɗan ɗaga wajen 3,000 Hz, kuma ka sani idan taro ya cika aka ɗaga murya, wannan ɗagin shi zai fara soke kunnen na gaba, sai ka mayar da shi.

Ka kula da bakin mai magana. Irin makirfon hannu da aka fi amfani da shi yana ƙara bas idan aka manna shi da leɓe. Mai wa'azin da ya haɗiye makirfo ya ƙara wa kansa bas kafin sautin ya iso gare ka. Tazarar yatsu uku ko huɗu tana gyara abin da ikwalaiza, wato maɓallan rage ko ƙara bas da tirebul, za ta sha wahala a kai. Faɗa wa babban malami haka sai da dabara. Ya fi sauƙi ka sa makirfon a kan sanda ka saita tazarar tun kafin ya zauna.

Lasifikar ƙaho irin ta masallaci ba a yi ta don bas ba. Tura mata shi ba ya fitowa, sai dai ya sa ta kakkarwa, sautin ya dagule, daga baya ta ƙone. A layinta ka yanke ƙasa sosai, har wajen 250 ko 300 Hz.

Sai batun nisa. A fili, duk ninkin tazara yana cin wajen 6 dB. Wanda ke mita 32 daga lasifika yana samun ƙasa da na mita 2 da wajen 24 dB. In ka ce da lasifika ɗaya za ka kai wa na baya, na gaba sun shiga yankin da kunnensu ba ya rarrabewa, ga cutarwa. Lasifika huɗu a rarrabe cikin taro, kowacce a matsakaicin ƙarfi, sun fi biyu a gaba suna tsawa. Janareta kuma gurnaninsa kakkaura ne, irin mai hawa kan magana. Doguwar waya da za ta kai shi bayan katanga ta fi sabuwar amfilifaya arha. Idan manhajar wayarka tana da awon A da na C, gwada duka biyun a tsakiyar taro. Na A yana zubar da yawancin bas, na C yana ƙirga shi, don haka in C ya tsere wa A da nisa, bas ne ya cika wurin.

A kiɗa ma dokar ɗaya ce. Ganga, da bas na piyano, da kalangu, da kakkaurar muryar namiji duk suna rububin ƙasa. Ka zaɓi wanda zai riƙe can ƙasan, sauran ka rage musu a nan. Kalangu da murya sun fi kowa karo, tunda kalangu karin magana yake bi. In mawaƙi na rerawa a ɗan sauke shi, in ya yi shiru a sake shi.

Mataki na bakwai: gwada a ƙaramar waya

Yawancin masu sauraronka a lasifikar waya za su ji aikin, kuma ita ba ta san bas ba. Duk da haka muryar namiji ba ta komawa ta yaro a waya. Layin tarho na da daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai yake ɗauka, alhali tushen muryar namiji yana wajen 100 zuwa 150 Hz. Ƙwaƙwalwa ce ke gano tushen daga ninke-ninkensa da ke sama, shi ya sa karin sama da na ƙasa na Hausa ba ya ɓacewa a tarho. Don haka in kana so a ji bas ɗinka a waya, tura 60 Hz ba zai yi ba, sai ka bar masa ɗan kaushi a 200 zuwa 800 Hz. Ka kuma adana aikinka na asali a WAV, tsarin fayil da ba ya matse sauti. Tsarin MP3 da dannewar nan yake aiki, yana zubar da abin da ya lissafa kunne ba zai ji ba, kuma in aka yi ta matse fayil ana sake matsewa, abin da aka zubar yana fara bayyana.

Mataki na takwas: san lokacin da kunne ya daina faɗin gaskiya

Bayan sa'o'i cikin ƙara, ƙwayoyin gashin waje suna gajiya, siraran sauti su dusashe. Alamar a wurin aiki ita ce hannunka ya riƙa kai wa tirebul, kana ƙarawa kana jin bai isa ba. Washegari ka kunna ka ji abin yana yanka kunne. In ka ga haka ka tashi, ka huta a wuri shiru, kada ka yanke hukuncin ƙarshe a daren.

Ƙa'idar NIOSH ita ce 85 dB na sa'a takwas a rana, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu: 88 sa'a huɗu, 91 sa'a biyu, 94 sa'a ɗaya, 100 kuwa minti 15. Gaban lasifikar biki yana iya kai wannan na ƙarshen. Ƙwayoyin gashin mutum in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma ɓarnar ƙara ta fi fara bayyana a kusa da 4,000 Hz. Wanda abin ya sama matatar kunnensa ta buɗe ke nan har abada: a ɗaki shiru yana hira lafiya, a kasuwa ko wurin biki sai ya ce yana jin murya amma ba ya gane magana, in an ɗaga masa kuma ya ce an yi masa ihu.

Cusa auduga ba ya tare wani abin kirki. Toshen soso yana karewa sosai in an murza shi an tura shi daidai, sai dai ya fi cin tirebul, don haka mai saiti da shi a kunne zai iya cika wa jama'a tsini. Akwai toshe na makaɗa da ke rage ko'ina kusan daidai, shi ya fi dacewa da mai miksa. Idan kunnenka yana ƙugi ko shiii bayan aiki har ya kwana bai tafi ba, ko kana yawan cewa a maimaita, je sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ka nemi gwajin ji. Ana auna kowane kunne daban daga 250 zuwa 8,000 Hz a zana maka a takarda. Ka tabbatar ba ka shiga ƙara ba tun daren jiya kafin gwajin, ka duba ko layin ya lotsa a 4,000 Hz, kuma ka adana takardar don kwatanta ta da ta baɗi.